Ta Yaya Zan Zama Malamin Jami'a a Fannin Binciken Kayan Tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a fannin tarihi, kuma burina in koyar a jami'a kan fasahar mutanen da, da kayan da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ta ina zan fara, kuma ana samun aiki kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fannoni biyu ka haɗa a tambayarka. Tarihin fasaha yana nazarin siffar abu da salon ƙirarsa da ma'anarsa ga waɗanda suka yi shi, kuma a jami'o'inmu yawanci yana ƙarƙashin sashen zane-zane. Akiyoloji kuwa, wato binciken kufai da kayan da ƙasa ta binne, yana da sashensa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ibadan, da ta Nsukka. Tunda tarihi ka karanta, wannan na biyun ya fi kusa da kai.

Matakan aikin sanannu ne: da digiri na biyu ana ɗaukar mutum mataimakin malami, amma sai da digirin digirgir da maƙalu a mujallun ilimi yake hawa zuwa babban malami, har ya kai farfesa. Guraben kaɗan ne ƙwarai, domin sassan ba su da yawa, saboda haka kada ka raina aiki a Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ita ce ma ke ba da izinin tono, kuma aikinta makaranta ce babba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, a wannan fanni ana auna malami da aikin da ya yi a fili. Wajibi ne ka yi makonni a cikin rami da ɗan cokalin magina da buroshi da rariya, kana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kana lura da inda launinta ya sauya daga ja zuwa toka, kana rubuta zurfin da aka samu kowane tsingaro da kowane kashin maƙera kafin a ɗaga shi. Ɗan gawayin da ka tsinta kusa da murhu shi za a kai ɗakin gwaji ya faɗi shekarun wurin. Abin da aka cire ba tare da wannan rubutu ba ya yi asarar mafi yawan labarinsa, kuma wannan ce ɓarnar da masu tonon sata suka yi wa mutum-mutumin yumɓu na Nok (sunan wani ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna), waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza. Sai da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka soma tono na tsanaki daga 2005 tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya, sannan aka ƙara fahimtar rayuwar mutanen da suka ƙera su. Haka Thurstan Shaw, masanin akiyoloji ɗan Birtaniya, ya yi suna da tonon da ya fara a 1959 a Igbo-Ukwu, wani gari a Jihar Anambra ta yau, inda ya fito da kayan tagulla na wajajen ƙarni na 9.

A ganina, babbar damarka tana cikin zamanin tsakiya na ƙasar Hausa da Borno. Tsofaffin garuruwa irin su Kufena da Turunku da Surame da Birnin Gazargamu da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a Katsina duk suna buƙatar ƙarin bincike, kuma abin takaici ne yadda gonaki da gine-gine ke cinye ganuwoyi kafin a auna su. Wanda ya iya Larabci da Ajami, yana kuma iya zama da dattawan gari ya saurari tarihin baka, zai gwada abin da aka rubuta da abin da ƙasa ta nuna. Ka ƙara da Faransanci idan da hali, domin yawancin binciken da aka yi a Nijar da Chadi da shi aka wallafa.

Saboda haka ka nemi gurbin digiri na biyu a akiyoloji, ka zaɓi malamin da ke da tono a hannu, ka roƙe shi ya tafi da kai fili tun a ranin farko, sannan ka tsayar da kufai guda da za ka gina kundinka a kansa.