Mai bin sawu a garin aljanu

Wani matashi daga Zariya ya aiko da tambaya. Yana rubuta labarin barkwanci ne a kan mai binciken laifi, a wani gari da mutane da aljanu ke cin kasuwa ɗaya. An sace tukunyar Sarkin Aljanu, jaruminsa ne zai gano ɓarawon. Ya ce: "Malam, me zan kira shi, ɗan sandan ciki ko jami'in bincike?"

Ɗana, duka biyun ajiye su. Ɗan sanda daga sanda sunansa ya samo asali, wato kulkin da yake riƙewa, kuma da an ambace shi sai caji ofis da kaki su faɗo wa mai karatu a rai. Jami'in bincike kuwa Hausar labaran rediyo ce, tana ƙamshin fayil. Garin da aljani ke sayar da daddawa ba shi da caji ofis. Yana da fada, fada kuma tana da dogarai masu riga ja da kore. In jarumin naka bawan sarki ne, to dogari ne. In kuwa shi kaɗai yake aikinsa ana biyansa lada, kira shi mai bin sawu. Tun kafin zuwan Bature, in aka kore wa makiyayi shanu da dare, masu bin sawu ake nema, su duƙa su karanta ƙasa har ƙofar gidan da aka shigar da su. Ka ga abin dariya ya zo da kansa, don aljani ba ya barin sawu. Mutum ya ƙware a sana'a, sai aka kai shi inda ba ta ci.

Akwai kuma bin diddigi, daga diddige, wato dunduniya: ka bi mutum kamar za ka take masa ƙafa. Bin ƙwaƙƙwafi ya fi shi naci, kuma ba yabo ba ne. Wanda aka ce ya cika ƙwaƙƙwafi an gaji da shi ne, ga mai bincike na barkwanci kuwa wannan ado ne.

Amma kalmar da nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce asiri. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin abin ɓoye, sai Bahaushe ya ɗora mata kaya na biyu. "Allah ya rufa asiri" sirri ne da mutunci. "An yi masa asiri" kuwa sammu ne. To dubi "tona asiri". A bakin kowa fallasa ce, amma shi asirin boka sau da yawa binne shi ake yi, a bakin ƙofa ko a mararraba, mai karya shi kuma sai ya sa fartanya ya tono. Ke nan jaruminka yana iya durƙusawa a ƙofar gidan attajiri yana haƙa, a tambaye shi me yake yi, ya ce asiri yake tonawa, maigida ya fara zufa alhali laya kawai ake nema. Turawa sun daɗe da irin wannan rubutu. Terry Pratchett na Ingila, wanda ya rasu a 2015, ya ƙago birnin Ankh-Morpork, inda ɓarayi ke da ƙungiya mai lasisi, in sun yi maka sata har rasit suke bayarwa, kuma a 1989 ya fara ba da labarin masu gadin birnin. Shi ma gwani ne wajen wasa da harshe. Kai kuwa kana da kalmar asiri kyauta, mai ɗauke da sirri da sihiri a lokaci guda.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Mai karatu Bahaushe zai tambaya: me ya hana a je wurin boka ya buga ƙasa a huta? Sai ka tanadi amsa tun shafin farko. Ko bokan ya fi ɓarawon tsada, ko kuwa shi ma ana zarginsa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as", da ko daidai take da "biri ya yi kama da mutum".

Malama, ba ɗaya ba ne. "As" ita ce tsawar da ake yi wa kaji a kore su daga shanya. Wanda ya saci kaza ya cusa a aljihu, in ya ji wata tsohuwa can gefe ta ce "as!" sai gabansa ya faɗi, don kazar za ta motsa ta tona shi. Maganar a kan mai laifi take, yadda zancen da ba da shi ake ba yake tsikararsa. Ni a ganina babu dabarar bincike da ta fi wannan tsufa: a tara waɗanda ake zargi, a saki magana, a zuba ido a ga wa zai zabura. Ita kuwa "biri ya yi kama da mutum" mai zargi ne ke faɗinta, lokacin da alamu suka fara haɗuwa amma hujja ba ta cika ba. Shi ya sa take da kishiya, "kama da wane ba ta wane". A garin da aljani ke rikiɗa ya zama biri, ban san yadda alƙali zai yi da karin maganar nan ba.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: layar zana da baduhu abu ɗaya ne? Aikinsu dai ɗaya ne a bakin masu faɗa, ɓacewa daga idon mutane. Baduhu sunansa ya bayyana shi, ba da duhu, ya rufe idon mai nema. Siddabaru daban yake, shi rufa ido ne na 'yan wasa a kasuwa, a mai da takarda kuɗi, ka kai gida ka tarar da takardarka.