An Hana Ni Bizar Amurka, Zan Iya Sake Nema?

Ɗan'uwa, ka ce an hana ka biza a Abuja, kana son sake nema. Babu laifi, amma fara duba takardar da suka miƙo maka. In an rubuta 214(b), wato wani sashe na dokar shige da fice ta Amurka, ba su gamsu za ka dawo gida ba ne. Ba a ɗaukaka ƙara, sai sabon fom ɗin neman biza na DS-160 da sabon kuɗi. In aikinka ko kasuwancinka bai sauya ba, dakata tukuna.

Don Allah, inda aka tambaya ko an taɓa hana ka, faɗi gaskiya. Zanen yatsunka na wurinsu, ƙarya kuma tana jawo haramcin dindindin. Guji masu haɗa takardun banki na bogi. In kuwa soke bizar aka yi, nemi lauyan shige da fice.