Amsa ga Kawu kan gishiri da ciwon suga

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, ina wuni, ya zafin Jidda? Na saurari muryarka bayan la'asar, kana cewa an turo maka wai masana sun gano gishiri na tayar da wani abu a jiki mai maganin suga, ko ka ƙara a miya. Don Allah Kawu, ko ɗan yatsa kada ka ƙara. Suna ne ya ruɗi mutane.

Wasu sinadarai ne a cikin ƙwayoyin jikinmu, ana ce musu SIK, wato salt-inducible kinase a Turance, ma'ana sinadarin da gishiri ke tayarwa, su uku ne: SIK1, SIK2 da SIK3. A 1999 masu bincike a Japan suka gano na farkon a jikin ɓerayen da aka ciyar da abinci mai gishiri sosai, a wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda. Daga nan sunan gishirin ya manne musu, shi ke nan fa.

Aikinsu da ya shafe mu a hanta yake. Ka tuna ranar da ka miƙo min na'urarka ta awon suga bayan sallar asuba, ranka a ɓace, ka ce tun tuwon dare ba ka sa komai a baki ba, ko dabino ɗaya, amma suga ya hau? To hanta ce ke haɗa nata sugan cikin dare ta zuba a jini. SIK birki ne a kanta. Yana riƙe wani sinadari mai suna CRTC2, ya hana shi kai wa hanta umarnin yin suga. In yunwa ta zo, kamar da azumi, sai glukagon, sinadarin da jiki ke fitarwa in suga ya yi ƙasa, ya saki birkin don kada mutum ya faɗi. A mai irin ciwonka kuwa, hanta zubawa take ko ba a buƙata. Metformin ɗin da kake sha ma hantar yake lallashi.

Inda gizo ke saƙar, yawancin magungunan gwajin da aka haɗa masu danne SIK ne, saboda kumburi da ciwon ƙashi. Da aka zuba irinsu a kan ƙwayoyin hanta, ƙaruwa sugan ya yi. Har yau babu sidaliyya, wato kantin magani, da za ka shiga ka samu maganin suga na SIK, bincike ake.

Ga kuma hawan jininka, Kawu, wallahi shi ya fi damuna. Ka ci gaba da ƙwayoyinka yadda likita ya rubuta. Ranar Juma'a in sha Allahu zan biyo daga wurin aiki, a ajiye min takardar awon nan mu duba tare.