Amsa: Manhajar React tana lafiya a kwamfuta, da aka ɗora ta a sabar ta rikice

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka ce ka gina manhajar sayar da kaya da React da Vite (kayan aikin gina shafukan yanar gizo da JavaScript), a kwamfutarka komai lafiya lau, amma da ka ɗora ta sai 404 (saƙon "ba a samu shafin ba") ke fitowa duk lokacin da aka sabunta shafi (refresh), kwastomomi kuma suna kukan nauyi, har kana shawarar komawa Next.js, tsarin da aka gina a kan React wanda ke iya haɗa shafi tun daga sabar. Dakata tukuna. Yawancin abin da ka lissafa gyaran sabar ne da tsarin fitarwa, kuma kwana biyu sun ishe ka.

Abin da kake gani da `npm run dev` daban yake da abin da mutane za su samu. Kafin kowace ɗorawa ka yi `npm run build`, sannan `npm run preview`, ka duba abin da ke cikin foldar `dist` da idonka.

Batun 404 mai sauƙi ne. A cikin `dist` shafi ɗaya tak gare ka, wato `index.html`. Adireshi irin `/kaya/45` babu shi a sabar, React Router ne ke ƙirƙirar sa a cikin burauza. Da mutum ya sabunta shafin, sabar za ta nemi fayil mai wannan suna ta rasa. Gyaran shi ne sabar ta riƙa miƙa `index.html` a irin wannan hali, kuma saitin ya danganta da inda ka ɗora manhajar. A Nginx ka sa `try_files $uri $uri/ /index.html;`. A Netlify ka ajiye fayil mai suna `_redirects` a foldar `public` ɗauke da `/* /index.html 200`. In kuma cPanel ne mai Apache, `FallbackResource /index.html` a cikin `.htaccess` ya wadatar.

Sai dai a nan akwai rami da mutane ke faɗawa bayan sun yi murnar gyara. Kada dokar nan ta shafi foldar `assets`. Vite yana liƙa wa kowane fayil na JavaScript wasu haruffa a sunansa, kuma sunan yana canzawa da zarar abin ciki ya canza. Ɗauki kwastomar da ta bar shafinka a buɗe tun safe, kai kuma ka ɗora sabon fasali da azahar ka goge tsofaffin fayiloli. Ta danna kwandon saye, burauzarta ta nemi fayil da tsohon suna, sabar ta miƙo mata `index.html` a madadinsa, allo ya yi fari fat. Ita dai abin da ta sani shi ne manhajarka ta mutu. Maganin uku ne a haɗe. Fayilolin `assets` ka ba su `Cache-Control: max-age=31536000, immutable`, shekara guda kenan, tunda sunansu ba ya maimaituwa. Shi kuwa `index.html` ka ba shi `no-cache` don burauza ta riƙa tambayar sabar kullum. Sannan ka bar tsofaffin fayiloli na 'yan kwanaki bayan ɗorawa, ka kuma saurari `vite:preloadError` don shafin ya sake loda kansa in hakan ta faru.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi sauran haɗari. Duk abin da ka rubuta a `.env` da sunan da ya fara da `VITE_` ana dasa shi ne cikin fayilolin da kowa ke saukewa. Tunda ka ambaci Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, buɗe `dist/assets` ka nemi `sk_live`, wato farkon mabuɗinka na sirri. In ka same shi, goge shi daga kod bai isa ba, sai ka je ka sauya mabuɗin gaba ɗaya yau ɗin nan. Wanda ya fara da `pk_` ne kaɗai ya halatta a burauza. Tabbatar da biya kuma aikin sabar ne: ta ɗauki lambar shaidar cinikin ta tambayi Paystack, ta gwada kuɗin da aka biya da farashin da ke rumbun bayananka. Ka tuna a kwabo ake lissafi, naira 5,000 ita ce 500000. Duk wanda ya yarda da farashin da burauza ta aiko, wata rana zai sayar da atamfa a kan naira ɗaya.

Nauyi kuwa, Vite da kansa yana gargaɗi in wani fayil ya haura 500 kB, sai dai ba a karantawa. Raba shafuka da `React.lazy` da `Suspense`, musamman ɓangaren masu kula da shago, wanda mai saye ba ya buƙatarsa sam. Sa `rollup-plugin-visualizer` ka ga wane ɗakin kod (library) ne ya cinye wurin, sau da yawa na zanen jadawali ne ko tarin gumakan da aka shigo da su duka don guda biyar. Kunna gzip ko Brotli a sabar. Hotunan kaya su ne babban ɓarawon data: hoton da aka ɗauka da waya yana kai megabait uku ko huɗu, alhali a faɗin fiksel 800 cikin WebP ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Ka ba kowane hoto `width` da `height` don kada shafi ya riƙa tsalle. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Lighthouse, ma'aunin saurin shafi da ke cikin Chrome, zai ba ka maki, amma ni na fi yarda da itel ko Tecno mai RAM giga biyu, a kan data, da yamma lokacin da sabis ke jan ƙafa.

Kowane wurin da kake ɗauko bayani yana da hali huɗu: ana jira, an samu, babu komai, an kasa. Galibi na biyun kawai ake rubutawa. TanStack Query, ɗakin kod na ɗauko bayanai, yana rage wahalar nan, har yana sake gwadawa sau uku da kansa. Maɓallin biya ka kulle shi da zarar an danna, domin in sabis ya tsaya mutum sai ya danna sau biyar, oda biyar ta shigo. Ka lulluɓe kowane shafi da `react-error-boundary` don kuskuren wuri ɗaya kada ya share allon duka.

A sabar ginawa yi amfani da `npm ci`, kuma ka tabbata `package-lock.json` yana cikin Git. Next.js zai yi maka rana in kana son Google da WhatsApp su riƙa nuna suna da hoton kowane kaya in an tura mahaɗinsa. In ka kai nan, turo mana saitin sabar da kake amfani da ita mu duba.