Amsa kan Gyaran MGB ta 1965

Malam, ka tambaya ko da inji za ka fara gyaran MGB ɗinka ta 1965, ko kuwa da jikinta. Shawarata ita ce ka fara da jiki, domin wannan mota, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da nauyinta gaba ɗaya. Ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da kyau. Idan tsatsa ta cinye shi, ƙofa za ta riƙa turjewa wajen rufewa, kuma wajibi ne mai walda ya tokare jikin kafin ya yanke ruɓaɓɓen wurin. Injinta mai lita 1.8 kuwa ba ya ba makanike wahala.