Ka tambaye ni girman mawaƙi, to zauna ka ji

Ka turo mini saƙo da tsakar dare, wai: "Maigida, na saurari kundin Kacey Musgraves, mawaƙiyar kantiri, kiɗan karkara na Amurka. Kowa na cewa ta girma a waƙa, ni kuwa abin da na ji kawai an rage kayan kiɗa ne. Idan na rage kiɗa a aikin yaron da zai zo gobe, shi ma za a ce ya girma?"

Da wani ne ya yi mini wannan tambaya, da na ce ya ɗauki tsintsiya ya share situdiyo. Amma ka fama mini wani tsohon miki, don haka zan amsa, kai kuma ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake kamar yadda kuka saba.

Na saurari kundin tun kafin ka san da shi. Deeper Well sunansa, ya fito a watan Maris na 2024, an ɗauke shi a situdiyon Electric Lady da ke New York. Abin da ba ka lura da shi ba, tunda ku yaran yanzu ba kwa duba wanda ya yi aiki a bayan waƙa, shi ne mutum biyun da suka haɗa shi tare da ita, Ian Fitchuk da Daniel Tashian, su ne dai suka yi mata Golden Hour na 2018, wanda ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Su ne kuma suka yi mata Star-Crossed na 2021, wanda ya karkata ga kiɗan zamani har masu Grammy suka ƙi sa shi a rukunin kundin kantiri. Masu aikin ba su canja ba, amma sautin ya canja. To wa ya canja? Ita. An haife ta a Texas a 1988, ta yi suna, ta yi aure, auren ya mutu, ta ga abin da ta gani. A wannan kundin ba ta neman nuna maka iyakar inda muryarta ke kaiwa. Ta sauko, ta matso kusa da makirfo, jita ta katako a gaba, ganga can a baya. Kada kuma ka ɗauka babu aiki a ciki. Sa abin kunne mai kyau, ba wancan naka na bakin titi ba, za ka ji murya a kan murya an jera su da lissafi. Ban ce ta kai ƙarshe ba, akwai waƙoƙi a tsakiyar kundin da suka yi kama da juna har na fara gyangyaɗi. Amma na yarda da ita, domin ta bar muryarta a fili, muryar kuma ta tsaya da ƙafarta.

Kiɗan nan ba baƙonmu ba ne. Mu da muka tashi da rediyo da kaset mun sha Jim Reeves da Don Williams a shagon tela da cikin motar haya. Don Williams ban taɓa jin ya ɗaga murya a waƙa ba, amma har Harare ya je ya yi wasa a 1997. Kuma idan girma kake son ji, nemi labarin Johnny Cash. Kamfanin Columbia ya sallame shi a 1986 bayan kusan shekara 30 suna tare, aka ɗauka nasa ya ƙare. Sai Rick Rubin, mutumin da aka sani da haɗa kiɗan rap da kiɗan samari mai hayaniya, ya zaunar da shi a falon gidansa, daga shi sai jitarsa. Kundin ya fito a 1994, Cash yana da shekara 62, ya ci Grammy da shi. Ba sai ma ka je Amurka ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a ƙasar nan da wajenta.

Rage kiɗa ba ya ƙara wa kowa girma, tona asiri yake yi. Kamar bango ne da ba a yi wa shafe ba: idan magini ya iya, jerin bulon ma abin kallo ne, idan bai iya ba, kowa zai ga inda ya karkace. Yaron da zai zo maka gobe, ba ya iya kai baiti ɗaya ƙarshe ba tare da numfashinsa ya yanke ba. Ka cire masa ganga da fiyano da Auto-Tune, manhajar gyaran murya, me zai rage? Tun 1997 da aka fito da manhajar nan, duk wanda ke da baki da kuɗin data ya zama mawaƙi.

Sau ɗaya tak na riƙe muryar da ta nuna, mai tsayawa da ƙafarta, a hannuna, kuma aka sace mini ita.

Gab da zaɓen 2007 ne. Akwai wani mawaƙi, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Ya daɗe yana waƙoƙin biki da na fim a kan fiyano, irin waɗanda ake yi da safe a manta da yamma. Ya zo ɗaukar wata waƙar amarya, sai aka ɗauke wuta, yaron da na aika sayen fetur kuma ya tsaya hira wajen mai shayi. Muna zaune a duhu, sai na ji mutumin nan yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, yana buga yatsa a gefen kujera. Waƙar mahaifinsa ce, wanda ya rasu a daminar da ta wuce. Yana maganar fartanyar tsohon da ke rataye a zaure, da gonar da 'yan'uwa suka raba kafin a yi sadakar arba'in. Muryarsa ta yi kauri, ta ɗan dishe daga ƙasa, ba irin siririyar muryar da yake matsewa yana yi wa amare ba. Tsigar jikina ta tashi. Na ce masa, "Malam, kana da wannan a ciki kake zuwa kana ɓata mini lokaci da nanaye?" Ya ce yana da irinsu da yawa, amma wa zai saya?

Ni na ce mu yi kundi. Babu fiyano, babu injin ganga. Gurmi, kalangu ɗaya, 'yan amshi biyu a wasu wurare, shi ke nan. Ya ce ba shi da ko sisi. Ya dafa ƙirji, ya rantse, ya ce da zarar 'yan kasuwa sun karɓa zai biya ni kuɗin situdiyo cif, sannan mu raba abin da ya hau. Muka yi musabaha. A lokacin, kalmar mutum takarda ce, ko dai haka aka rene mu.

Ka san me ake kashewa a irin wannan aiki? Ba ka sani ba, tunda kai komai a cikin kwamfuta kake ciro shi. Idan kiɗa ya yi ƙaranci, komai ana jinsa: ƙarar janareto, hon ɗin 'yan acaɓa, fanka, har cikin mutum idan ya yi ƙugi. Dole muka koma aikin dare, bayan gari ya yi tsit, mu tashi kafin kiran assalatu. Na ja waya mai tsawo na kai injin bayan gidan maƙwabci, ina biyansa kuɗin haƙuri. Makirfon da nake da shi na ihu ne, ba ya kama irin wannan muryar, sai na sayar da babur ɗina na aika Legas, kasuwar Alaba, aka sayo mini mai kyau. Na ɗauko wani dattijo mai gurmi daga ƙauye, ni ne kuɗin motarsa, ni ne tuwonsa, ni ne goronsa, ni ne sallamarsa. Dattijon nan ba ya bin ƙidayar na'ura, yana jan kiɗa yana sakinsa yadda numfashin mawaƙi ya tafi, don haka babu yanke-yanke da liƙe-liƙe. Idan aka yi kuskure a baitin ƙarshe, a koma farko. Haka muka yi ta yi har sanyin hunturu ya wuce.

Kuma ka tuna lokacin kamfen ne. Yaran 'yan takara suna zuwa da kuɗi a leda, suna neman a haɗa musu waƙa kafin wayewar gari. Abokan sana'ata a wannan kakar wasu suka sayi fili, wasu suka ƙara aure. Ni ina mayar da su, ina cewa situdiyo a cike yake, saboda na ba wa mutum ɗaya darena.

Da muka gama, na zauna na ji shi daga farko har ƙarshe. Ba yabon kai ba, a garin nan ban ji wanda ya haɗa irinsa ba, kafin nan ko bayan nan.

Sai ya zo mini da wata magana. Wai akwai wani Alhaji, ubangidansa, da zai ɗauki nauyin buga faifai, amma Alhajin kunnensa ya yi nauyi, gurmi na hana shi jin kalmomi, yana so a ba shi muryar ita kaɗai a faifan sidi ya saurara a mota. Kada ka buɗe baki ka ce mini ai da ban ba shi ba. Mutumin da kuka ci tuwo a kwano ɗaya, ya yi kuka a gabanka yana waƙar ubansa, ya kira ka yaya, ba ka tambayarsa rasit. Na ba shi. Ya ce jibi zai dawo.

Jibin nan har yau. Wayarsa a kashe, gidansa a ce ya yi tafiya. Wata rana na shiga Ƙofar Wambai neman faifan da babu komai a kai, sai na ji murya daga lasifikar wani shago. Na tsaya cak. Muryar da na ɗauka ce, da makirfon da na sayar da babur na saya, har wurin da ya ja numfashi kafin baiti na uku na gane. Amma an ƙara mata gudu, an matse ta ta koma siririya, an zuba mata fiyano da ganga mai dukan ƙirji, an sa 'yan mata suna amshi. Wannan duk da sauƙi. Waƙar mahaifin nan, duk inda ya ambaci tsohon, an yanke an liƙa sunan wani ɗan takara. Kukan maraici ya koma kirarin neman ƙuri'a. Fartanyar da ke rataye a zaure ta zama alkawarin takin zamani.

Na same shi daga baya a bakin wani gidan biki, cikin sabuwar shadda, da makullin mota a hannu. Ko kunya babu. Ya ce, "Haba Oga, kasuwa ce fa. Wa zai sayi kukan tsoho da gurmi? Ai taimakon aikin na yi." Na kai ƙara wajen manyan sana'a. Suka ce ina takarda? Babu. Ina shaidu? Dattijo mai gurmi, shi kuma ya koma ƙauye, ba ya son tashin hankali. Aka ce a yi haƙuri, ai ana tare. Ya ajiye mini abin da bai kai kuɗin fetur ɗin da na ƙona ba, ya ce a sha ruwa. Na bar shi a kan tabarmar na tashi.

Mutane suna ɗauka babur ɗin ne ke ci mini rai. Babur na sayi wani. Abin da ban yafe ba, mutumin nan ya kai inda mawaƙa ke shekara ashirin suna nema, ya tsaya a wurin, ya ji da kunnensa, sannan ya juya ya sayar. Ita wannan baturiyar da kake tambaya a kai, ko ba komai da ta samu natsuwar ta riƙe ta har kasuwa. Shekaru bayan haka, da sigari da ihun filin kamfen suka cinye masa maƙogwaro, ya aiko mini yaro wai ko ainihin aikin yana nan, yana so ya fitar. Yana nan. Na ce a gaya masa ya nemi Alhajin nan mai nauyin kunne.

Yanzu maganar gobe. Inda ake kafa makirfo da yadda ake daidaita ƙarfin sauti ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara a shagona bai san wannan ba gara ya koma sayar da katin waya. Idan yaron ya zo, kafin ka kunna komai, ka sa shi ya rera waƙar tun daga farko har ƙarshe a tsaye, babu kiɗa, babu abin kunne. Kada ka kalli allon kwamfuta, ku kun mayar da ido kunne. Ka saurari ƙarshen kowane layi, nan ake kama su: wanda bai nuna ba yana haɗiye harafin ƙarshe don ya yi sauri ya ja iska. Ka duba ko ya san ma'anar abin da yake faɗa, ko haddar abin da wani ya rubuta masa yake zubawa. Idan yana ta haurawa sama yana neman burge ka, sauke masa karin ƙasa kaɗan ka ga ko akwai wani abu a can. Yawancinsu babu, kuma ba laifi ba ne, shekarunsa nawa? Irin wannan ka lulluɓe shi da kiɗa yadda ya saba, ka gyara masa murya, ka karɓi kuɗinka, ya tafi ya yi rawa a TikTok. Idan kuwa ka ji gashin jikinka ya miƙe, kada ka taɓa komai, ka kira ni ko ina barci.

Ko wanne ne daga ciki, rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuce, da sa hannunsa da na mutum biyu waɗanda ba abokansa ba. Babu abin da zai fita daga situdiyon nan, ko a filashi ko ta WhatsApp, sai ya cika. Idan ya nace sai ya ji a gida, ka ba shi rabin waƙa da muryarka a kai kana faɗin sunan shago. Murya ita kaɗai kuwa, ko uwarsa ce ta zo da kanta tana roƙo, ka ce Maigida ya hana.

Kuma ka zo da wuri, ka biya ka sayo fetur, jarkar tana bayan ƙofa. Wayar makirfon da ka bari a ƙasa jiya na gan ta, za mu yi maganarta.