Tambaya da Amsa: Waya ce ta canja aljihunmu, ko aljihunmu ne ya canja waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne, kuma na lura cewa a 'yan shekarun nan kusan duk wanda ya kawo mini ɗinkin kaftani sai ya ce in zurfafa masa aljihun gefe, wasu ma har su nemi aljihun ciki mai zif, alhali da can ba a cika neman haka ba. Shin masu ƙera wayoyin hannu suna duba yadda mutane ke rayuwa kafin su ƙera, ko kuwa mu ne kawai muke bin duk abin da suka kawo mana?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abubuwan biyu da ka ambata duk suna faruwa, kuma kowanne yana haifar da ɗan'uwansa. Kamfanonin da suka fi samun kasuwa a ƙasashenmu su ne waɗanda suka fara duba abin da mutane ke ɗauka idan za su fita daga gida. Wani mai bincike da ya yi wa kamfanin Nokia aiki, Jan Chipchase, ya zaga ƙasashe da dama yana tambayar mutane abin da ke cikin aljihunsu da jakunkunansu, kuma ya bayyana cewa kusan ko'ina abubuwa uku ne mutum ba ya yarda ya bari a gida, wato makulli da kuɗi da waya. Irin wannan lura ce ake gani a jikin Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, shekara 2 bayan layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya. An sa mata tocila a ka, da madannai na roba da ke rage shigar ƙura, da batir mai kwanaki bai mutu ba, domin an san masu sayenta suna zaune ne inda wutar lantarki ba ta tsayawa. An sayar da fiye da guda miliyan 200.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix. A lokacin da kiran wani layi daga wani yake da tsada, ga shi kuma sabis ɗin wannan kamfani yana kamawa a unguwa kaza na wancan ba ya kamawa, mutane da yawa waya biyu suke yawo da ita, ɗaya a kowane aljihu. Wayar da ke ɗaukar layi biyu ta zo ne ta rage wannan wahala. Daga baya kamfanin ya gyara kyamarorinsa yadda fuskar baƙar fata za ta fito sarai a hoto, ya kuma ƙara girman batir. A ganina, wannan kula da halin mai saye ita ta sa kamfanin ya wuce sauran a kasuwar Afirka, ba arhar farashi kaɗai ba.

Sai dai da zarar waya ta shiga hannun jama'a, ita ma takan fara juya su, kuma nan ne sana'arka ta shigo. Fuskar iPhone ta farko da ta fito a 2007 inci 3.5 ce, amma yawancin manyan wayoyin yau sun haura inci 6, saboda kallon bidiyo da karatu sun rinjayi kira. Aljihun gaba na kaftani kuwa an yanka shi ne domin biro da carbi da ɗan canji. Idan aka jefa masa babbar waya sai ta rinjayi wuyan rigar, kuma tana iya zamewa ta faɗi lokacin alwala ko ruku'u, shi ya sa za ka ga masallata da dama suna ciro ta su ajiye a gabansu kafin a tayar da salla.

Zif ɗin da ake nema kuma dalilinsa daban ne. Waya ta haɗiye agogo da tocila da rediyo da ɗan littafin da ake rubuta lambobin mutane, sannan tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira, ta haɗiye wani kaso na lalita, har mai shayi da mai tsire suka koma karɓar kuɗi ta tiransifa. Wanda aka zare wa waya a yau ya rabu da hanyar shiga asusunsa na banki da lambobin abokan cinikinsa a lokaci guda. Saboda tsoron masu ƙwace, wasu sun koma riƙe waya biyu, ƙarama mai madannai domin amsa kira a cikin adaidaita sahu, babbar kuma tana ɓoye a aljihun ciki. Nauyin ma bai ragu yadda aka zata ba, tunda caja da batirin ajiyar caji sun maye gurbin abin da aka sauke.

Inda nake ganin teloli sun yi jinkiri shi ne tufafin mata. Yawancin ɗinkin atamfa da leshi har yanzu ba shi da aljihu, don haka mace ko dai ta riƙe wayar a hannu, ko ta jefa ta a jaka, ko ta maƙale ta cikin hijabi kusa da kunne tana magana tana aikinta. Hijabi da abaya masu aljihu sun fara yawa a kasuwa, kuma telan da ya iya ɓoye aljihu a ɗinkin gefen siket ba tare da ya ɓata zubin ba zai samu masu nemansa.

Shawarata a aikace ita ce, idan mutum ya zo awo ka nemi ya ciro wayarsa ka auna ta tare da rigarta, ka bar rarar kamar inci 2 a sama domin kada kanta ya leƙo idan ya zauna. Ka yi cikin aljihun da yadi mai ƙwari, ka ninka ɗinkin ƙasansa, domin nan ne nauyin waya ke fara farkewa.